Kare Jirgi Daga Karo da Abin da Ruwa Ya Ɓoye: Nazari a Kan Jiragen Yawuri da Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Yawuri ƙasa ce da Kogin Kwara ya raba, ya kuma haɗa. Daga Shanga a biyo ta Yalwa, a gangara har Wara ta ƙasar Ngaski, da wuya a sami babbar kasuwa wadda wani kashi na masu cinta ba ta jirgin ruwa suke zuwa ba. Manomi da masunci da ɗan kasuwa da mai zuwa gaisuwar mutuwa, duk sukan ɗora rayukansu a kan 'yan katakai waɗanda kaurinsu bai kai faɗin yatsu uku ba. Idan katakon nan ya tsage a tsakiyar tafki, to, sai abin da Allah ya yi.

An ga haka ranar 26 ga Mayu, 2021, sa'ad da wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ya dare biyu da mutane fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto kuwa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukuma ta ɗora laifin a kan tsufan jirgin da yawan lodi. A watan Yuni na 2023, can ƙasa wajen Patigi ta Jihar Kwara, wani jirgi ɗauke da 'yan biki ya daki itace a cikin ruwa ya tsage, mutane fiye da 100 suka halaka. A farkon Satumba na 2025 kuma, wani jirgin da ya ɗauko masu zuwa ta'aziyya ya hau kan kututture a kusa da Gausawa ta ƙasar Borgu, a cikin Tafkin Kainji, aka rasa gomman rayuka.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake kare ƙasan ƙaramin jirgi daga irin wannan karo. Za a nuna cewa kariyar hawa uku ce: sanin ruwa, da ƙirar jirgi, da yadda ake lodi da tuƙi. Za a kuma nuna cewa hawa na farko, watau sanin ruwa, shi ne wanda gina madatsar Kainji ya fi yi wa illa, kuma shi ne wanda ya fi shafar masu nazarin harshe da al'ada.

2.0 Kogin Da da Tafkin Yanzu

Kafin a datse Kwara, babban abokin gaban jirgi tsakanin Yawuri da Busa shi ne dutse. Kogin ya rarrabu a tsakanin gungaye, watau tsibirai, yana bi ta kan duwatsu da gudu. Daga kalmar gungu ne Hausawa suka samo sunan Gungawa, mutanen da suke kiran kansu Reshe. Su da Sarkawa da Lopawa da sauran mazauna bakin kogi sun san duwatsun nan kamar yadda mutum ya san lungunan unguwarsu. Dutse ba ya tashi daga inda yake. Wanda kaka ya kauce wa, shi jika zai kauce wa, saboda haka ilmin hanya ya zama abin gado, ana koyonsa tun yaro yana zaune a goshin jirgin ubansa.

Baƙon da ba shi da wannan ilmi ya san sauran. Mungo Park ya taso daga Sansandin ta ƙasar Mali a ƙarshen 1805 cikin wani jirgi da ya harhaɗa daga tsofaffin kwalekwale biyu. Ya tsallake dogon zango lafiya, amma bayan jagoransa ya sauka a Yawuri, sai jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, a nan ya gamu da ajalinsa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso Yawuri neman takardunsa, su kuwa matuƙan ƙasar ne suka ratsa da su.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwan a 1968. Tafkin da ya samu ya kai kimanin kilomita 135 a tsawo, faɗinsa a inda ya fi buɗewa ya haura kilomita 20, girmansa kuwa wajen murabba'in kilomita 1,250. Ruwa ya ci tsohuwar Busa da tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Duwatsun da suka ci Mungo Park sun nutse, ba su ƙara zama barazana ga kowa ba. Sai dai an share daji a wasu sassa ne kawai kafin ruwa ya hau, a sassa masu yawa kuwa an bar itatuwa a tsaye. Ta haka tafkin ya shafe haɗarin da aka sani, ya dasa wanda ba a sani ba, a wuraren da a da gonaki ne da dazuzzuka waɗanda jirgi bai taɓa bi ba.

3.0 Dalilin da Ya Sa Kututture Ya Fi Dutse Sharri

Mai karatu zai iya tambaya, yaya itacen da ya nutse tun 1968 har yanzu yake fasa jirgi? Amsar ita ce, ƙwayoyin da suke ruɓar da itace suna bukatar danshi da iska gaba ɗaya. Sashen itacen da yake cikin ruwa kullum ba ya samun isasshiyar iska, don haka ruɓarsa a hankali take ƙwarai, balle itatuwa masu tauri irin su ƙirya da kawo da marke. Sashen da yake shan rana yau, gobe ya jiƙe, shi ne yake ruɓewa ya karye. Sakamakon haka shi ne, rassan da a da suke leƙowa suna yi wa matuƙi gargaɗi sun kakkarye, abin da ya rage kuwa guntu ne mai tsini wanda kansa yake dab da saman ruwa.

Abu na biyu shi ne hawa da saukar tafkin. Ruwa biyu ne suke cika Kainji a shekara. Akwai farin ruwa, wanda damina take kawowa daga ƙasashen kusa, musamman ta gulbin Sakkwato, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Sunansa ya fito ne daga farar laka da yake ɗauke da ita, wadda take hana ido ganin abin da yake ƙasa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni a hanya, ya bar lakarsa a fadamun Mali, ya iso a lokacin hunturu garau. Tsakanin cikar tafkin da ƙarshen janyewarsa a farkon damina akan sami bambancin kimanin mita 10. Ma'anar wannan ita ce, kututture ɗaya yana da fuska uku a shekara. Wani lokaci yana can ƙasa, jirgi ya wuce ta kansa lafiya. Wani lokaci yana fili, kowa yana ganinsa. A tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan makonni da yake kwance taƙi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa, a nan ne yake ɓarna. Hanyar da take da lafiya a watan Janairu tana iya zama tarko a watan Mayu, ta sake zama tarko a Satumba sa'ad da ruwa yake hawa da laka.

Banda kututturen da yake a kafe, farin ruwa yakan kwaso gungume da ya sha ruwa har ya yi nauyi, yana tafe ba a ganin komai nasa sai ɗan ƙusumbi. Tun daga wajen 1989 kuma wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta shigo tafkin, takan yi shimfiɗa a kan ruwa ta lulluɓe duk abin da yake ƙarƙashinta. A gaɓa akwai ragowar duwatsu da tudun yashi, sa'an nan ga dorina, wadda takan taso jirgi daga ƙasa.

4.0 Sauyin Jirgi da Sauyin Gudu

A daidai zamanin da ruwan ya sauya, jirgin ma ya sauya. Kwalekwalen gargajiya daga gungumen itace guda ake sassaƙa shi da gatari da gizago, kamar maɗaci ko maje ko rimi. Gwanin masassaƙi yakan bar ƙasan da kauri fiye da gefuna, domin ƙasan ne yake gogar dutse da yashi. Irin wannan jirgi ba shi da mahaɗi, saboda haka idan ya daki abu, duk jikinsa ne yake raba dukan. Rauninsa shi ne tsagewa ta bin tsawon itacen, ita kuwa tsaga a hankali take buɗewa, tana ba da damar a kai gaɓa. A kan Kwara an kuma daɗe ana haɗa manyan jirage ta hanyar ɗinke gungume biyu da igiya, a toshe mahaɗin. Ɗinki yana yoyo, amma yana ɗan motsawa idan an dake shi maimakon ya karye.

Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, bukatar ɗaukar kaya kuma ta ƙaru, sai jirgin katako ya mamaye tafkin. Shi wannan kafinta ne yake ƙera shi da faifayen katako, a haɗa su da ƙusoshi, a cusa auduga ko tsumma a mahaɗai, a bi da kwalta, a rufe da ɓallin kwano. Yana da faɗi, yana da araha, yana ɗaukar kaya da yawa. Amma kowane mahaɗi ƙofa ce, kuma ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, tsinin kututture yana samunsa sosai ba zamewa.

Sa'an nan inji ya zo. Ƙa'ida ce sananniya a ilmin kimiyya cewa ƙarfin karo yana bin nauyi sau ɗaya, yana bin gudu sau biyu: idan an ninka nauyi, ƙarfin ya ninku biyu, idan kuwa gudu aka ninka, ƙarfin ya ninku huɗu. Alal misali, a ce mai filafili yana tafiyar kilomita 5 a awa, mai inji kuwa yana yin 20. Gudun ya ninku huɗu, ƙarfin karon ya ninku 16. Idan jirgin injin ya fi kwalekwalen nauyi sau goma, to, dukan da katakonsa zai sha ya ninka na kwalekwalen sau 160, alhali katakon bai kai ƙasan kwalekwalen kauri ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya sa karon da a da ake yi masa dariya yanzu yake zama makoki.

5.0 Kariyar da Take Jikin Jirgi

Dabarun da maƙera jirage na duniya suka dogara da su ba su da yawa, kuma babu wadda ta fi ƙarfin kafintan bakin tafki.

Ta farko ita ce ɗaga goshi. Jirgin da goshinsa ya tashi a hankali kamar bakin takalmi yakan hau kan kututture ya zame, wanda goshinsa yake tsaye kuwa sai ya sha dukan gaba da gaba.

Ta biyu ita ce abin da za a iya kira takalmin jirgi. Watau a shimfiɗa wani katako mai tauri a ƙarƙashin jirgin daga goshi zuwa baya, da wasu a kusurwar da ƙasa ya haɗu da gefe, a kuma ɗora ɓallin ƙarfe a kan na goshi. Aikin takalmi shi ne ya sha gurzar a madadin ƙafa. Idan ya cinye sai a cire a sa wani. Sharaɗin kawai shi ne kada a kafe shi ta yadda idan ya ɓalle zai yage da katakon da yake karewa.

Ta uku ita ce haƙarƙari, watau itatuwan da suke gindaye a cikin jirgin suna riƙe da katakai. Katakon da haƙarƙarinsa suke nesa da juna yakan lotsa ya fashe idan tsini ya same shi a tsakani. Ya kamata a matso da su kusa da juna a kashi ɗaya cikin uku na gaban jirgin, inda karo ya fi aukuwa.

Ta huɗu ita ce sassaɓa mahaɗai. Babu katakon da ya kai tsawon babban jirgi, tilas a yi ƙari. Idan ƙarin duk katakan ya faɗo a layi ɗaya, musamman a tsakiya, to, an shata wa jirgin inda zai karye ke nan. Jirgin da ya hau kan kututture da lodi, gabansa da bayansa suna rinjaya ƙasa, tsakiyarsa tana tokare, kamar karan da aka ɗora a gwiwa. Magini ba ya jera tubali mahaɗi a kan mahaɗi, haka ya kamata maƙerin jirgi ya yi, ya kuma ɗaure kowane ƙari da wani guntun katako ta ciki.

Ta biyar ita ce irin ƙusa. Baƙar ƙusa tana tsatsa a cikin jiƙaƙƙen katako, ta sirance, tsatsar kuma ta cinye naman itacen da yake kewaye da ita. Jirgi yakan yi kyau a ido alhali abin da yake riƙe da shi ya ƙare. Ƙusa mai rufin tutiya ta fi daɗewa, a manyan mahaɗai kuwa ƙarfe mai noti ya fi ƙusa, domin ba ya zarewa. Alamar ciwon ita ce baƙin tabo a kewayen kan ƙusa, da katakon da tsinin wuƙa yake shiga cikinsa ba wuya. Ɗan hakin da aka raina shi ne yake tsone ido.

Ta shida ita ce raba cikin jirgi. Idan an kafa bangon katako wanda ruwa ba ya ratsawa a ɗan bayan goshi, to, ko goshin ya fashe, ruwan zai tsaya a wannan ɗaki. Maƙeran ƙasar Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna raba jiragensu ɗaki-ɗaki. Danginta ita ce ƙasa mai hawa biyu. A 1862 wani ƙaton jirgin Ingila mai suna Great Eastern ya hau kan dutse a kusa da gaɓar Amurka, fatarsa ta waje ta yage tsawon mita 25, amma ya shiga tashar New York da kansa, domin akwai fata ta biyu a ciki.

Ta bakwai ita ce abin da zai hana jirgi nutsewa ko ya cika da ruwa. Katako da kansa yana iyo, inji da kaya su ne suke jan sa ƙasa. Jarkar lita 20 da ba komai a cikinta, an ɗaure bakinta, tana ɗaga kusan kilo 20 a ruwa, wanda ya ishi babban mutum ya riƙe kansa a sama. Duro mai lita 200 yana ɗaga fiye da kilo 150. Idan an ɗaure irin waɗannan tamau a ƙarƙashin bencina, jirgin da ya fashe zai zama abin kamawa har taimako ya zo.

Game da jiragen faiba da na ƙarfe, kowanne da halinsa. Faiba ba ta ruɓewa, ba ta da mahaɗai, amma tsini yana huda ta, gyaranta kuma sai da sinadarin da ba a samu a kowace kwata. Ƙarfe yakan lotsa maimakon ya tsage, sai dai yana tsatsa, kuma idan ya cika da ruwa ba ya jira. Lulluɓe tsohon katako da faiba kuwa yana da amfani ne kawai idan katakon ya bushe sarai, in ba haka ba danshin da aka rufe zai ruɓar da shi a ɓoye.

Injin ma yana da tasa kariyar. Ƙafarsa ta fi ƙasan jirgi nutsewa, ita take fara taɓa abu. An yi shi ne yadda zai tashi sama idan ya daki wani abu, muddin ba a kulle shi ba sa'ad da ake tafiya gaba. Ƙananan injuna da yawa suna da wani ɗan fil a farfela wanda aka yi shi musamman don ya karye, ya ceci sauran. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa mai tauri ya tsirar da fil, ya miƙa dukan ga injin da katakon bayan jirgin.

6.0 Lodi da Tuƙi

Jirgi yana nutsewa ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. A ɗauki jirgi mai tsawon mita 15 da faɗin mita 2. Kowane tan ɗaya na kaya zai ƙara nutsar da shi da ɗan fiye da santimita 3. Ƙarin tan 6, watau nauyin mutane kamar 100, zai ƙara masa santimita 20. Kututturen da jirgin ya wuce ta kansa da safe ba tare da an sani ba, shi ne zai tare shi da yamma sa'ad da ya taso daga kasuwa da buhuna da babura. Don haka yawan lodi da karo ba dalilai biyu ne masu zaman kansu ba, ɗaya ne yake kai jirgi ga ɗayan. Layin fenti a gefen jirgi, wanda idan ruwa ya taɓa shi an daina lodi, ya fi gardamar bakin kwata amfani, domin fasinja ma yana iya ganinsa.

Dangane da tuƙi, tsohuwar al'adar sa mutum a goshi da gwangwala yana duba ruwa yana tokarawa ba ta tsufa ba. Ruwa yana da alamu ga wanda ya iya karanta shi: 'yar tsaga a fuskarsa inda yake gudu, ko wurin da igiyar ruwa take karyewa ita kaɗai, ko tsuntsun da yake tsaye a inda ba a ganin abin da ya taka. Amma duk waɗannan sai da haske, sai kuma da gudun da zai ba matuƙi damar kaucewa. Dalilin da ya sa ke nan Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.

Idan kuwa ƙaddara ta auku, minti biyun farko su ne komai. Huda mai faɗin tafin hannu, rabin mita a ƙarƙashin ruwa, tana shigo da ruwa fiye da lita 1,000 a minti ɗaya. Ko mutum biyar da bokitai ba za su cim masa ba. Saboda haka toshewa ita ce gaba da kwarfa. A danna tsumma ko buhu a ramin, a taka da katako, a kashe gudu, a matsar da mutane a hankali zuwa ɗaya ɓangaren don hudar ta ɗago. Akwai kuma dabarar zura tamfol ta waje da igiya a jawo shi ƙarƙashin jirgi, ƙarfin ruwan da kansa zai manna shi a kan ramin. Da irin wannan dabara ce, ta amfani da filafilan iska, Kyaftin Cook ya tsirar da jirginsa a 1770 bayan ya hau kan duwatsun teku a gabashin Ostireliya. Duk wannan ba ya yiwuwa sai in ƙasan jirgin yana da inda hannu zai kai, ba a binne shi da kaya ba.

7.0 Share Hanya da Sa Mata Alama

Bayan hatsarin Wara, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, watau HYPPADEC, ta shiga aikin sare itatuwa a tafkin da raba rigunan ruwa. Matsalar ba ta Kainji kaɗai ba ce. Tafkin Bolta na ƙasar Gana, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, ya sha irin wannan hasara, har aka ba wani kamfani izinin yanko itatuwan daga ƙarƙashin ruwa a sayar da katakon.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, itacen da aka sare a daidai fuskar ruwa ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari, domin an cire masa alama an bar masa makami. Sara mai amfani ita ce wadda aka yi a gindi, a lokacin da ruwa ya kai ƙarshen janyewa. Na biyu, itatuwan nan mafaka ce ga kifi, a nan ƙanana suke ɓuya, kuma su ne suke hana jan babban taru ya share ko'ina. Share tafkin duka, ko da zai yiwu, zai taɓa abincin masunta. Abin da ya fi dacewa shi ne a share hanyoyin da aka fi bi, kamar mashigin Zamare da Rofiya da hanyoyin kasuwannin Yalwa da Wara da Malale, a sa musu alama da tulluna masu iyo, sauran wuraren kuwa a bar wa kifi.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa jirgi yana tsira daga abin da ruwa ya ɓoye ta hanya uku: kada ya taɓa shi, in ya taɓa kada ya fashe, in ya fashe kada ya nutse. Hanya ta biyu da ta uku aikin kafinta ne da mai jirgi da hukuma. Ta farko kuwa ilmi ne, shi kuwa ilmin ruwa a cikin harshe yake zaune. Matuƙan da suka shekara hamsin suna ratsa tafkin sun tara sabon sani game da inda kututture yake da watan da yake tasowa, amma sanin yana cikin kawunan mutane ɗaiɗai, alhali inji ya sa ana iya zama matuƙi ba tare da an yi shekaru a goshin jirgi ba.

A nan ne masu nazarin harshe da al'ada suke da abin yi. Akwai bukatar a zauna da Sarakunan Ruwa da Sarakunan Jirgi da tsofaffin masunta, a lokacin da ruwa ya janye, a tattara sunayen wurare da na sassan jirgi da na alamun ruwa, da Hausar Yawuri da harshen Gungawa da na maƙwabtansu. Idan aka haɗa kowane suna da ainihin wurinsa ta amfani da na'urar tauraron ɗan'adam, wadda yanzu take cikin wayoyin hannu, za a sami taswirar da matuƙi zai gane, domin da bakinsa aka rubuta ta. Cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, wadda tushenta ya faro tun 1968, da jami'o'in yankin, da taron bikin Rigata inda matuƙan Yawuri suke haɗuwa, duk wurare ne da irin wannan aiki zai iya farawa. Mutanen da suka san kogin kafin a datse shi sun manyanta ƙwarai, saboda haka aikin ba mai jira ba ne.